Firji ko firiza, wanne zan saya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara nake so in fara kafin azumi, na ce wa maigida ya sayo min firji, sai yayata take cewa wai ba firji ba ne zai min, firiza ce. Ni kuma wallahi duk abin da ake sa ruwa ya yi sanyi firji nake ce masa. Mene ne bambancin, kar a je kasuwa a faɗi sunan da ba shi ba a ɗoro mana abin da ba zai yi aiki ba.

Abu Sadik: Wa alaikis salam Hajiya. Yayarki ta fi ki gaskiya. Firji sanyaya abu yake yi kawai, sanyinsa wajen digiri 4 ne, ya hana miya da madara lalacewa, ɗan gidan ƙanƙarar da ke samansa kuma ko leda ashirin ba zai ɗauka ba. Firiza ita ce mai daskarar da abu, tana sauka har digiri 18 ƙasa da sifili. Ki ce a ba ki dif firiza, irin ta kwance mai murfi a sama, don ita ko an ɗauke wuta tana riƙe sanyi tunda sanyin ƙasa yake kwantawa, ba kamar mai ƙofa ba da kina buɗewa yake zubewa.

Ummu Hanan: Ki haɗa da kula babba. Kula dai ba ta kawo sanyi da kanta, wanda kika zuba take tsarewa, shi ya sa ma ake zuba shinkafa mai zafi a cikinta. Kuma ki kula da kunun aya, wallahi ba ya da haƙuri, wuta ta yi wuni ba ta zo ba ya yi tsami shi ke nan an yi asara, zoɓo ya fi shi juriya.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar firigo muke cewa, daga Faransanci, kowa da wanda ya raine shi hhh.

Malam Bala: A rediyo sai ka ji na'urar sanyaya abinci, amma ki gwada faɗin haka a kasuwar Sabon Gari ki ga kallon da za a miki, wani ma esi zai nuna miki. Randa ce firjinmu na asali, kuma wani malami ɗan Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya ci kyautar ƙirƙira ta kamfanin Rolex a 2000 da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, sai dai wannan ta tumatir da alayyafo ce, ba ta ƙanƙara.

Abu Sadik: Na manta, in ta hannu za ki saya a jona ta a gabanku ku jira bangon cikin ya fara fari, a duba robar murfin. In an kawo gida a bar ta ta zauna wasu awanni kafin a kunna, kuma a sa mata sitabilaiza. Yaya wutar unguwarku take ma tukun?

Maman Ilham: Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Wutar dai sai da dare suke kawowa, wani lokacin zuwa asuba. Hakan zai isa ta daskare ko sai mun haɗa da sola?