Musayar Waƙa: Uku-Cikin-Ɗaya da Maganar Ceto

Muhawara ce a kan koyarwar Kirista cewa Allah ɗaya ne cikin uku: Uba, Ɗa da Ruhu, da kuma yadda ake samun ceto. Sharaɗi biyu ne: kowa ya amsa da baiti, wanda kuma ya kawo aya ya faɗi sura da lamba.

Mai-Tambaya:

Salama gare ku 'yan'uwa, ga ni da tambaya,
Gardama ba ta kawo ni ba, nema nake na gaskiya.

Ku buɗe Markus 12:29 mu gani,
Yesu ya ce Ubangiji Allahnmu ɗaya.

Daga Maimaitawar Shari'a 6:4 ya ɗauko ta,
Babu ƙari, babu ragi ko na ƙwaya.

A Yahaya 17:3 yana cikin addu'a,
Uba ya kira makaɗaicin Allah na gaskiya.

A 14:28 ya ce Uba ya fi shi girma,
Yaya babba da ƙarami za su cika mudu ɗaya?

Markus 13:32, ranar nan da sa'ar nan,
Ɗan bai sani ba sai Uba, haka take a aya.

Kalmar Triniti, wato Uku-Cikin-Ɗaya, babu ta ko a shafi guda,
Tun daga Farawa har Wahayin Yahaya.

To wa ya ƙera ta, yaushe, a wace maƙera?
Mai sani ya faɗa, kada ya kewaya.

Ɗan Katekis:

Malam, tambayarka ta zauna daram,
Maƙerin sananne ne, babu abin ɓoyewa.

Tartuliyan, mutumin Kartaj, a Tunisiya ta yau,
Wajen shekara ta 200 yake rubutawa.

Da Latin ya ce trinitas: zati guda,
Uku a cikinsa, babu cakuɗewa.

Amma suna daban, mai sunan daban,
Ai jariri ya riga ranar suna zuwa.

Matiyu 28:19, baftisma cikin suna,
Suna guda, Uba da Ɗa da Ruhu ake ambatawa.

Toma almajirin Yesu Bayahude ne, ya san dokar farko,
A Yahaya 20:28 ga shi yana cewa,

"Ubangijina da Allahna," a gaban Yesu,
Babu kwaɓa daga Yesu, babu tsawatarwa.

Ikilisiya ta riga yi masa sujada da waƙa,
Kalmar daga baya ta zo don shingewa.

Gwaggon Zumunta:

'Ya'yana, ku bari in sa baki,
Ga misalin da ake ba yara a ajinku:

Tukunya ɗaya ce a bisa wuta,
Duwatsu uku ne suka yi murhu.

Wasu su ce ruwa, ƙanƙara, tururi,
Abu ɗaya ne cikin kama uku.

Ga 1 Yahaya 5:7 a tsohon juyin Turanci,
Shaidu a sama: Uba, Kalma da Ruhu,

"Ukun nan ɗaya ne." To me ya rage?
Ko an cire ta ne a sababbin littattafanku?

Baba Mai-Girkanci:

Gwaggo, da girmamawa, ukun da kika kawo,
Ko ɗaya cikinsu ba zai ɗauki kaya ba.

Murhu: ɗauke dutse guda, tukunya ta kife,
Kowane dutse sulusi ne, bai zama murhu ba.

Koyarwar ta ce Uba cikakken Allah ne, Ɗa ma haka,
Ba ta yanka Allah kashi uku ba.

Ruwa da ƙanƙara abu ɗaya ne mai sauya riga,
Ra'ayin Sabeliyus ke nan, Roma ba ta karɓe shi ba.

In riga ce kawai, wa Yesu yake roƙo a Gatsemani?
Muryar da ta zo daga sama ran baftismarsa a Urdun ai ba tasa ba.

Ayar shaidu uku kuwa, a ajiye ta gefe,
Tsofaffin kwafin Girkanci ba su san ta ba.

Sinaitikus da Batikanus na ƙarni na 4,
"Ruhu, ruwa da jini" suka ce, ba su ƙara ba.

A rubutun Latin ta fara ɓullowa,
Irasmus a bugunsa na Sabon Alkawari da Girkanci na 1516 bai sa ta ba.

Aka yi masa caa, a bugu na 3, na 1522,
Ya saka ta, amma ba da son ransa ba.

Daga nan ta gangaro har King James na 1611,
Shi ya sa har yau ba ta bar bakin mutane ba.

Iyayen ikilisiya masu Girkanci, duk zafin faɗa da Ariyus mai cewa Ɗa halitta ne,
Ko sau ɗaya ba su jawo ta hujja ba.

Mai-Tambaya:

Baba, ka yi adalci, Allah ya ƙara girma,
Yanzu mu je Nikiya, inda aka ga hannun sarki.

A 325 Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop,
Shi ko baftisma bai yi ba, ya zauna a ciki.

Ariyus, firist na Iskandariya, ya ce Ɗa halitta ne,
Akwai sa'ad da babu shi, haka ya furta da baki.

Karin Magana 8:22 da Kolosiyawa 1:15,
Su ne sandarsa, da su ya yi aiki.

Aka kawo homo'usiyos, wato zati ɗaya,
Kalmar da babu ta a Littafi Mai Tsarki.

Bishop 2 suka ƙi sa hannu a takardar bangaskiya, aka kore su tare da Ariyus,
Littattafansa aka ce wuta ta yi musu wanki.

Ruhu kuwa layi ɗaya tak aka ba shi a takardar,
Sai 381 a Kustantiniyya aka faɗaɗa masa ɗaki.

Abin da takobi ya tsayar da ƙafarsa,
A kira shi wahayi? Akwai mamaki.

Baba Mai-Girkanci:

Ɗana, ban musa takobin sarki ba,
Sai dai ka duba, kaifi biyu gare shi.

Kustantin da kansa ya yi wa Ariyus afuwa,
Bishop Atanasiyus kuwa, mai kare Nikiya, a 335 sarkin ya kore shi.

Da Kustantin zai mutu a 337, wa ya yi masa baftisma?
Yusibiyus na Nikomidiya, ɓangaren Ariyus ne shi.

Ɗan sarkin, Kustantiyus, ya juya wa Nikiya baya,
Bishop ɗin da ya tsaya mata, a tsige shi.

Sau 5 Atanasiyus yana barin kujerarsa,
Har cikin hamadar Masar sufaye suka ɓoye shi.

Wasu suka ce a ƙara harafi ɗaya a sasanta,
Homoi'usiyos: mai kama da Uba ne shi.

Me ya sa aka ƙi? Maganar ceto ce a ƙarƙashi,
Ishaya 43:11, ban da Ubangiji babu mai yin shi.

In Ɗa halitta ne, shi ma daga babu ya fito,
Na cikin rijiya ba ya jawo wani, sai dai a jawo shi.

Mai-Tambaya:

To mun iso ceto, nan ne ƙashin bayan zancen,
Ezekiyel 18:20, ɗa ba ya ɗaukar laifin ubansa.

Yaya jaririn jiya zai gaji zunubin Adamu,
Alhali nono kaɗai ne ya taɓa bakinsa?

Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau,
Romawa 5:12 ya karanta a Latin ɗinsa.

Can an juya ta "a cikinsa kowa ya yi zunubi,"
Girkanci ya ce "domin kowa ya yi," kowa da nasa.

A 418 taron Kartaj ya la'anci ra'ayin Filajiyus mai musun gadon zunubi,
Da ayar nan ya kafa hukuncinsa.

Anselm na Kantabari kuma, a 1098,
Ya ce an zubar wa Allah daraja, dole a biya bashinsa.

Sama da shekara 1000 bayan gicciye ke nan,
Luka 15 fa, ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa?

Uban ya sheƙo a guje ya rungume shi,
Bai nemi jinin kowa ba kafin ya yafe masa.

In alƙali ya ɗaure marar laifi ya saki ɓarawo,
Wa zai yaba da wannan hukuncin nasa?

Malamar Tauhidi:

Ɗan'uwa, a kan Romawa 5:12 ka faɗi daidai,
Karkatar daga juyin Latin ta fara.

Ikilisiyun Gabas ba su ce jariri mai laifi ne ba,
Gadonmu mutuwa ne, da rauni tun muna yara.

Lissafin Anselm hoto ɗaya ne cikin da yawa,
Na da sun fi maganar fansa da nasara.

Iraniyus ya ce Almasihu ya sake bin sawun Adamu,
Inda wancan ya ɓata, nan shi ya gyara.

Giragori na Naziyanzus: abin da Almasihu bai ɗauka ba bai warkar ba,
Don haka jiki, rai da hankali duk ya tattara.

Kotunka kuwa mutum uku ka sa a ciki,
Nan wa'azi kan zame, sai a lura.

In Ɗa bare ne da aka kamo aka yanka,
Zalunci ne, na sa hannu a takardarka ta ƙara.

Amma 2 Korantiyawa 5:19, Allah na cikin Almasihu,
Yana sulhunta duniya da kansa, haka Bulus ya tsara.

Ɗan kasuwa in ya yafe maka bashin buhu 10,
Buhunan ba su dawo ba, shi ya ɗauki asara.

Uban Luka 15 ma, rabon ƙaramin ya salwanta,
Shi ya haɗiye, babu wanda ya ci tara.

Ɗan Katekis:

Saura Markus 13:32, ba a amsa ta ba,
Ga abin da taron bishop-bishop na Kalsidon a 451 ke cewa:

Almasihu ɗaya ne, ɗabi'arsa biyu,
Ba cakuɗewa, ba sauyawa, ba rabuwa, ba warewa.

Rashin sanin na ɗabi'ar mutuntaka ne,
Kamar barcinsa a jirgi, da yunwa da ƙishirwa.

Kibɗawan Masar da Habashawa ba su karɓi Kalsidon ba,
A kan kalmomin nan aka yi rabuwa.

Sarbetus kuwa, da aka ƙone a Janeba a 1553,
Don ya musa Triniti, abin kunya ne, babu karewa.

Mai-Tambaya:

Malama, buhunanki sun yi nauyi, na ɗauke su,
Ɗan Katekis, naka da saura, mu koma aya.

Markus bai ce jikin ne bai sani ba,
"Ɗan" ya ce, tsakanin mala'iku da Uba a layi ɗaya.

Ɗabi'a ba ta sani, mai ɗabi'ar ne ke sani,
Ya sani kuma bai sani ba, duk a sa'a ɗaya?

Matiyu 24:36 ya ce sai Uba kaɗai,
Ruhu fa, shi ba shi da ɗabi'ar mutum, me ya bar shi a baya?

Ga 1 Korantiyawa 15:28, bayan tashi, bayan mulki,
Ɗan da kansa zai miƙa wa Uba wuya.

Can babu barci, babu yunwa, babu ƙishirwa,
Baba Mai-Girkanci, ga fili, buɗe mana wannan aya.