Neman shawara: Mu jira allurar ƙwayoyin nano ko a yi hoton MRI yanzu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. An gano ƙulli a maman yayata, kuma da yake naman mamanta yana da kauri, hoton mamogiram, wato hoton X-ray na mama, bai fito da shi sosai ba, sai likita ya ce a yi hoton MRI da allurar gadoliniyam, sinadarin da ke sa hoton ya fito sarai. Hankalinmu bai kwanta ba domin tana da ciwon suga, muna tsoron abin ya taɓa ƙodarta. Na ji ana haɗa wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, da ake kira nano, waɗanda ke nufar sankara kai tsaye su haska ta a hoto. Shin mu dakata mu nemi wannan allura?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Yaya lafiya. 'Yar uwa, kada ku dakata. Abin da kika ji gaskiya ne, amma galibinsa yana ɗakin bincike. Ana ɗaukar ƙwayar ƙarfe ko zinariya da faɗinta bai wuce nanomita 100 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), a lulluɓe ta, sannan a liƙa mata sinadarin da ke kama wata alama a jikin ƙwayar sankara, kamar HER2. Matsalar ita ce hanta da saifa suna kwashe mafi yawansu kafin su isa wurin. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, ya nuna cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari kawai na abin da aka zuba ke kaiwa ga ƙullin. Sannan HER2 ɗin ma kusan kashi 15 zuwa 20 na masu sankarar mama ne ke da shi da yawa, kuma ba a sanin haka sai an ɗebi tsokar wurin an gwada.

Amsa ta biyu:

Game da ƙoda, tsoronku yana da tushe. A 2006 aka danganta gadoliniyam da wata cuta mai taurara fata a jikin masu matsananciyar cutar ƙoda, a 2017 kuma hukumar magunguna ta Turai ta dakatar da wasu tsofaffin nau'o'insa saboda ragowarsu da ke zama a jiki. Nau'in da aka fi amfani da shi yanzu ya fi riƙe sinadarin har ya fita ta fitsari. Ku roƙi a yi mata gwajin ƙoda kafin ranar hoton, ku kuma tambayi likita wane nau'i za a sa mata. Ciwon suga shi kaɗai ba ya hana a yi.

Amsa ta uku:

Ƙarin bayani, Malama, kada a rikita ki da sunaye. Akwai ƙwayoyin ƙarfe da suka riga suka shigo asibiti, irin Magtrace da Amurka ta amince da shi a 2018, sai dai aikinsa nuna wa likitan tiyata kaluluwar hammata ta farko da cutar za ta iya bi. Ba don gano ƙullin aka yi shi ba, har ma yakan bar baƙin tabo a hoton MRI na gaba na tsawon lokaci.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Za mu fara da gwajin ƙodar, in sakamako ya fito zan dawo da shi ku taya ni dubawa kafin mu koma wurin likita.