Ƙurajen fuska sun hana ni sakat, ga biki saura wata uku

'Yar Garwa:
Slm 'yan uwa dan Allah a taimaka min da shawara. Shekarata 22, da can sai in al'ada ta kusa ne ƙurji ɗaya ko biyu zai fito min a haɓa ya tafi abinsa, amma tun bayan ƙaramar sallah fuskata ta rikice, goshi da kumatu duk ƙananan ƙuraje iri ɗaya wasu da farin kai, in na matse su bar min baƙin tabo. Innata ta ce gyaɗa ce na daina ci, na shafa lemun tsami, har man goge baki na sa da daddare wlh sai da wurin ya saɓule. Man da nake shafawa haɗi ne wata mai kayan kwalliya ta yi min a kasuwa sefa 3500 a roba marar suna, ta ce na gyaran fata ne. Me ke kawo su ne wai?

Ɗan Kusiri:
Zafi ne kawai 'yar uwa, Garwa fa a watan 4 tana wuce digiri 40, ga ƙura in kin hau moto. Damina na sauka za su tafi.

Adda mai farmasi:
Malam ƙurajen zafi daban, su a wuya da baya da ƙirji suka fi fitowa suna ƙaiƙayi, in jiki ya samu iska sai su kwanta. Ƙanwata ni robar nan marar suna nake zargi. Amma bari in fara da asalin abin. Fata tana da ƙananan ƙofofi inda gashi ke fitowa, a ƙarƙashinsu akwai wurin da ke yin maiƙo, to daga balaga sinadaran jiki suna sa maiƙon ya ƙaru, sai ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar, ƙwayar cutar da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin yaɗuwa, shi ne wurin ya kumbura ya tara mugunya. Shi ya sa naki na da suke bin al'ada, kuma ana gadon abin, ba ƙazanta ba ce.

Na yanzu kuma da kika ce duk girmansu ɗaya kuma lokaci guda suka ɓarke, haka man bilicin mai kortizon yake yi. Masu haɗin nan tub suke matsawa a ciki, kilobetazol ko betametazon, maganin ciwon fata ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, sati biyun farko ki ga kin yi fes kowa na yabawa, daga baya fata ta yi siriri ƙuraje su biyo. A 2022 ma ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigowa da sayar da mayukan bilicin da ke da sinadaran hidrokinon da zaiba, amma je ki kasuwa ki gani. In kin daɗe kina shafawa ranar da kika bari fuskar za ta iya yin zafi ta ƙara rikicewa na wasu kwanaki, a nan ne mata da yawa suke komawa gidan jiya, gara ki ɗauki robar ki je asibiti likita ya gani ya faɗa miki yadda za ki janye.

Wanke fuska kuma sau biyu a rana ya isa da sabulu marar ƙarfi, da hannu, ban da soso. Ki bar lemun tsami da man goge bakin nan dan girman Allah, kuma ki cire hannu daga fuska, a fatarmu tabon matsa yana iya yin watanni bai tafi ba, ya fi ƙurjin daɗewa. Akwai maganin ƙuraje na shafawa Cutacnyl a farmasi na kashi 5, siriri ake shafawa, yana busar da fata kuma yana cin kalar kaya, kar ki kwanta kan zanin gadon lefe da shi. Sai sati 6 zuwa 8 ake fara ganin canji.

Hajiya Njamena:
Ni dai 'yata har gobe gyaɗa nake zargi, tawa yarinyar in ta ci ƙuli-ƙuli sai sun fito. Abin da zan ƙara, man kitso. Ku 'yan mata ku lafta mai a kai ku ɗaura ɗankwali ku ɗora hijabi, zufa ta gangaro da shi goshi, ya ba za su fito ba? Ki riƙa canza ɗankwali da rigar filo. In lokacin gyaran jiki ya zo kuma ki ce wa mai dilka ta tsaya a wuya, kar ta murje miki fuska da ƙuraje a kai.

Adda mai farmasi:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan man kitso. Gyaɗa kuwa Hajiya a yi haƙuri, an fi kama sukari da madara da laifi, shayin nan da muke cika wa sukari sau uku a rana da lemun kwalba. Na manta, ƙanwata tunda aure za ki yi ki faɗa wa likita, don doksisiklin da izotiretinoyin da ake bayarwa in ƙuraje sun yi tsanani ba a ba mai ciki, na biyun ma yana nakasa jariri. In kuma al'adarki tana tsallake wata ko gashi na fito miki a haɓa shi ma ki faɗa.

'Yar Garwa:
Na gode Adda, na gode Hajiya. Ɗazu na koma wurin matar na ce me ta sa a ciki, ta ce sirrin sana'a ne, amma na hango tub ɗin da aka matse cike da leda a ƙarƙashin teburinta. Litinin zan je asibiti da robar in sha Allah. Adda kafin nan in ci gaba da shafawa ko in tsaya tun yau? Wata huɗu kenan ina sawa safe da dare.