Jaka a waje, aljihu a ciki: me za mu kira wannan tiyatar?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman masu harshe da ma'aikatan asibiti su taya ni, don kalma ɗaya ta kusa haɗa ni da Hajiyarmu jiya a gida, nan Gwammaja.

Ƙanwata da ke aure a Ingila, shekara shida ke nan da aka cire mata babban hanji gaba ɗaya saboda gyambon da ya cinye shi. Aka fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen dama na mararta, bayan gida yana zuba a jakar roba da take mannawa a fata. Turawa na ce wa aikin iliyostomi. Yanzu likitocinta sun ba ta zaɓin wata tiyatar da za ta raba ta da jakar. Da na zo yi wa Hajiya bayani sai na ce "za a mayar da abin ciki". Kafin in rufe baki ta yi hamdala, ta ɗauki waya ta fara sanar da dangi cewa yarinya ta warke, za ta koma zagayawa kamar kowa. Da ƙyar na lallaɓa ta ajiye wayar.

Laifin bakina ne. A Kano "mayar da hanji" yana da ma'anarsa tun tuni. Duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin 'yan tiyata na Murtala ko asibitin Malam Aminu Kano ya ga yaran da taifot ya huda wa hanji. Wani lokaci likita kan fito da hanjin waje na wucin gadi, in yaro ya murmure a sake shiga da shi a haɗe. Wannan ita ce mayarwa, dubura na nan tana jiran aikinta. Ƙanwata kuwa har dubura aka cire aka ɗinke wurin. Babu inda za a mayar.

Ga abin da za a yi mata, don ku san abin da kuke raɗa wa suna. Likita zai ɗauki kamar santimita 45 na ƙarshen ƙaramin hanji. Wajen 30 zai tsaga ya naɗe ya ɗinke, ya zama ma'aji a cikin mara. Daga sauran zai cusa wani sashe cikin kansa, kamar yadda ake juya hannun riga, wannan lanƙwasar ita ke hana komai fitowa. Kafar hanjin tana nan a fata, sai dai ƙarama ce, a shafe, ɗan filasta ya rufe ta. Sau uku ko huɗu a rana mutum zai zura siririn bututu ya juye a masai. Likita Nils Kock ne ya fito da wannan dabara a Suwidin a 1969. Tiyata mai jakar kuwa, yadda ake yin ta yau da bakin hanji a turo ɗan tsini, aikin Bryan Brooke ne na Ingila tun 1952.

To, bismillah. Ina sauraro.

Na dawo na tarar da amsoshi sun fi ƙarfina, Allah ya saka da alheri. "Jakar ciki" ta fi kowace yawan masu goyon baya, amma ban karɓa ba. Mai wannan lalura in ya ji "jaka", wadda yake mannawa yake gani, wadda ke tashinsa da dare, wadda yake tsoron ta ɓalle a sahun salla. Ita yake gudu, kada mu bi shi da sunanta.

Wani dattijo daga Yakasai ya ce salka. Baba, wallahi na daɗe ina juya wannan kalma. Fata ce, tana riƙe ruwa, a ɗaure bakinta sai an kwance, kamar don wannan aka yi ta. Matsalar biyu ce. Jikokinku ba su taɓa ganin salka ba, sannan salka ta ruwan sha ce, ba na son in ɓata wa matafiya ita.

Wani malamin Hausa ya ce mu bi ginin "mafitsara" mu ƙero ƙanwarta. Malam, ƙa'ida ta yarda, amma ka faɗi abin da zai fito a gaban surukarka mu gani.

Wadda ta kashe bakin maganar wata nas ce da ta rubuta "aljihu" kawai ta tafi. Ku duba. Jaka daban take da mai ita, saye ake yi, a rataya, a sauke. Aljihu kuwa da ƙyallen rigar ake ɗinka shi, a ciki yake, ba a ganinsa, abin da ke ciki ba ya fitowa sai an sa hannu. Da hanjin mutum ake ɗinka wannan ma'ajin. Sista, kin gama mana aiki.

Saura lanƙwasar da ke riƙe komai. An ce murfi, an ce makulli, an ce toshiya. Murfi ɗagawa ake yi, toshiya cirewa ake yi, wannan kuwa ba ya motsi daga wurinsa, ratsa shi ake yi. Sai wani mai faci a Ƙofar Ruwa ya ce ai bawul ne, iskar taya ba ta fita sai ka danna. Masu cewa bawul ba Hausa ba ce, su fara korar likita da tiyata da asibiti tukuna, in sun dawo ma yi magana.

Kuma dole bawul ya shiga cikin sunan, ba don ado ba. Shi ne raunin aikin. In ya zame, ko dai ɗiga ta fara, ko bututu ya ƙi shiga, kuma ba abin mamaki ba ne a sake komawa tiyata a kansa. Aljihun kansa yakan kumbura sai an sha magani, masu cutar kumburin hanji ta Crohn ma galibi ba a cika yi musu ba. Gara mai haƙuri ya ji bawul tun a suna, ya tambayi likita a kansa.

Wani likita ya tunasar da ni akwai aljihu na biyu, wanda ake haɗawa da dubura mutum ya ci gaba da zagayawa, wanda likitoci Parks da Nicholls suka bayyana a Landan a 1978. Wannan sai mai sauran dubura. Don haka ga inda na tsaya: ta farko "kafar hanji mai jaka", ta ƙanwata "aljihun hanji mai bawul", ta ukun "aljihun dubura". "Mayar da hanji" kuma a bar wa masu ita.

Masu tambayar alwala, littattafanmu na Malikiyya sun yi maganar huji a ƙarƙashin tumbi idan mafitar asali ta toshe, ku kai wa malamanku, ni ba hurumina ba ne.

Da magariba na koma wurin Hajiya da sabon sunan. Ta yi shiru, ta ce, "Wato hujin yana nan." Na ce yana nan, Hajiya, jakar ce za ta tafi. Ta ce, "To bututun fa, in ta zo gida da salla, a ina za mu samo mata?" Na ce da nata za ta zo. Shi ma dai ban gama yarda da sunansa ba, don nas ɗin ta ce a ɗakin jinya "roba" kawai suke cewa, mai facin kuma ya dage sai mesa.