Na kasa daina latsa waya da daddare, me zan sa a madadinta?

Ɗan_Auta92:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni matsalata waya ce. Da na kwanta wajen sha ɗaya sai in ce bari in ɗan leƙa TikTok na minti biyar, wlh kafin in ankara biyu ta wuce, ido na zafi wuya na ciwo amma yatsa bai daina ja ba. Shekaranjiya ma wayar a fuska ta faɗo min, har yanzu leɓena a kumbure yake. Sau uku ina goge TikTok ɗin, sai in koma Facebook ko YouTube, bayan kwana biyu kuma in sake sauke shi. An ce min in ka jure kwana 21 shikenan ka rabu da abu, ni na yi 23 cur kuma na koma kamar ban taɓa bari ba. To ni ne ba ni da zuciya ko ya abin yake?

Maman_Biyu:
Ƙanina zuciyarka lafiya lau, ka cire abu ne ka bar gurbinsa a buɗe. Ni cizon farce na yi fama da shi tun ina firamare har na yi aure, yatsuna kullum a ɗaye wani lokacin har jini, in zan miƙa wa mutum abu sai na dunƙule hannu don kunya. Faɗa an yi, tsawa an yi, a banza. Abin da ya taimake ni shi ne na yi sati guda ina lura da LOKACIN da hannun ke tafiya baki, sai na gano in ina jiran wani ne ko in raina a dagule yake. Daga nan da na ji hannun ya taso sai in matse shi a cinya in ƙirga sittin. Farko abin dariya ne, rabin lokaci ma sai na riga na ciza nake tunawa. Yanzu har yanke farce nake yi da abin yanka, abin da ban taɓa buƙata ba a rayuwata. Kai ma tambayi kanka me kake nema a wayar, barci ne ba ya zuwa, ko shirun ɗakin ne ba ka so?

Malam_Na_Aji:
Abin da Maman Biyu ta yi ma hanya ce sananniya wajen masana halayyar ɗan Adam, Azrin da Nunn ne suka fito da ita a 1973, wato a ba hannu wani aikin da ba zai yiwu a haɗa shi da tsohon ba.

Zancen kwana 21 kuwa, daga wani likitan gyaran fuska na Amurka ya samo asali, Maxwell Maltz, a 1960, shi kuma cewa ya yi marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamanninsu. Mutane suka jefar da "aƙalla" ɗin suka riƙe lambar. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bibiyi mutum 96 masu ƙoƙarin koyon sabuwar ɗabi'a, tsaka-tsakin kwana 66 ne, wani 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Kuma sun ga tsallake rana ɗaya ba ya rusa aikin. Saboda haka 23 ɗinka ko rabi ba ka kai ba ɗan uwa, ka sauka daga mota ne tun ba a je tasha ba.

Tsohon_Direba:
Malam duk na yarda, amma yaron nan da cajarsa a gefen filo yake kwana, na rantse ko ban gani ba. Sabo turken wawa. Ni shekara 14 ina shan sigari, ban iya bari ba sai da na daina zama inda ake sha na kuma daina yawo da ashana a aljihu. Ka kai caja falo, waya ta kwana can, shikenan. In sha'awar ta taso sai ka tashi ka taka, kuma mai jin barci ragon gaske ne.

Ɗan_Auta92:
Hhhh Baba kamar kana ɗakin, cajar ma a ƙarƙashin filo take. Matsalar da wayar nake saita alam, amma dai wannan uzuri ne na sani, zan nemi agogon tebur. Anti tambayarki ta tsaya min, ina ga shirun ne, don in na kashe wayar tunani ke taso min kala-kala. Jiya na gwada ajiye ta a falo na ɗauki biro da takarda na rubuta abubuwan da ke damuna da na gobe, na yi barci wajen sha biyu da rabi. Sau ɗaya na tashi na je na duba ta, ba zan yi ƙarya ba.

Maman_Biyu:
Sau ɗaya ai da sauƙi. Da ka je, a tsaye ka duba ko zama ka yi? In zama ka yi to a ɗauke ta daga kusa da kujera.