Ƙarancin albumin a jinin mai kansar tumbi

Ɗan Autan Baba:
Assalamu alaikum. An tabbatar da cewa mahaifina yana da kansar tumbi, kuma likita ya ɗage tiyata bayan ya ga albumin ɗinsa (wani furotin na cikin jini) 2.9, CRP (awon jini mai nuna kumburi a jiki) kuma 38. Baba ya rame ƙwarai, da ya yi 'yan lomomi sai ya ce ya ƙoshi. Shin waɗannan lambobi suna nufin cutar ta yi nisa ne?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Nisan cutar ana gane shi ne daga hoton CT da binciken tsoka, wato yadda ƙarin ya ci bangon tumbi, da ko ya kai kaluluwa ko hanta. Lambobin da ka kawo suna nuna ƙarfin da ya rage wa jiki ne. Hanta ce ke samar da albumin, kuma a jikin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5.0, yana sauka idan abinci ya gaza, yana kuma sauka idan akwai kumburi a cikin jiki, domin a lokacin hanta takan karkata ga samar da CRP. A ma'aunin Glasgow, da likitoci ke amfani da shi don hasashen yadda mai kansa zai kasance, marar lafiyar da CRP ɗinsa ya haura 10 kuma albumin ya gaza 3.5 yana samun maki 2, kuma irin waɗannan marasa lafiya sun fi fuskantar matsala bayan tiyata. Sai dai wannan lissafi ne na jama'a da yawa, ba ya yanke wa mutum ɗaya hukunci.

Mai Awon Jini:
Akwai kuma ma'aunin da likita Onodera na Japan ya fitar a 1984, wanda yake haɗa albumin da adadin wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, kuma ƙasa da 40 alama ce ta haɗarin tiyata. Ku nemi a duba zazzaɓin cizon sauro ko wata cuta mai shiga jini, domin su ma suna ɗaga CRP.

Malamar Jinya:
Ɗana, kada ku matsa a yi masa ƙarin albumin ta jijiya don lambar ta tashi, wannan ba ya ciyar da jiki. Likitoci kan ba da kwana 7 zuwa 14 na gina jiki kafin babban aiki. A riƙa ba shi kunun gyaɗa da madara, dafaffen ƙwai da kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, idan kuma yana amai ku tambayi likita batun ciyarwa ta roba.