Neman shawara: yaya zan gwada tagwayen diski kafin in ba su amanar hotunan mutane?

Sani Mai Hoto, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da shagon hoto da bidiyo nan Tawa, aikin biki da suna. Mutane kan dawo bayan shekaru su ce a sake wanke musu hotunansu, shi ya sa ba na share komai. Injin ajiyata diski biyu gare shi, an haɗa su da manhajar mdadm a RAID1, wato tagwaye, kowanne kwafin ɗan uwansa, da tsarin fayil na ext4 a kai. Kwanan baya wata baiwar Allah ta zo neman hoton mahaifinta marigayi, wanda na ɗauka ranar sunan ɗanta. Da na buɗe, fuskar tsohon na nan, amma daga ƙirji zuwa ƙasa toka ce zalla. Injin kuwa cewa yake diskin biyu lafiya lau. Har yanzu abin na damuna. Yanzu an aiko mini sababbin diski biyu masu tera 4 daga Yamai, na sa Ubuntu, na haɗa su tagwaye da wani tsarin ajiya mai suna ZFS. Wani abokina ya ce in zare wayar diski ɗaya, in injin bai tsaya ba shi ke nan. Anya wannan ya isa? Ku taimaka mini da hanyar gwaji.

Injiniya Mamman, Yamai:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Zare waya na nuna maka abin da zai faru ranar da diski ya mutu gaba ɗaya, kuma wannan tsohon injinka ma zai ci jarabawar. Abin da ya same ka daban ne: diski yana aiki, yana amsawa, amma abin da ya miƙo ba shi aka ba shi ajiya ba. mdadm ba ya riƙe lambar shaida ta kowane guntun bayani, wato lambar da ake lissafawa daga bayanin don a gane in ya canja. In diskin biyu suka saɓa, kamar shaidu biyu ne gaban alƙalin da ba shi da takarda: zai iya ƙirga wuraren da suka saɓa, amma bai san mai gaskiya ba. ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, yana lissafa lambar shaida ga kowane guntu, ya ajiye ta a wani wuri dabam, cikin guntun da ke nuna shi. Duk lokacin karatu sai ya gwada. In bai dace ba, ya ɗauko daga ɗan uwan, ya gyara ɓataccen.

To, kada ka fara gwaji a kan diskin gaske. Ka yi fayil biyu da za su tsaya a madadin diski, da umarnin truncate -s 1G, ka kira su d1 da d2 cikin /root, sannan zpool create gwaji mirror /root/d1 /root/d2. Zuba kwafin hotuna cikin wannan ma'ajiyar mai suna gwaji har wajen ya kusa cika, domin in ka ɓata inda babu komai, ba abin da za ka gani. Ɗauki lambar shaidar kowane hoto da umarnin sha256sum ka adana a wani wuri. Sai ka yi zpool export gwaji, wato ka sauke ma'ajiyar. Wannan matakin mutane da yawa ke tsallakewa, alhali ZFS yana riƙe abin da ya karanta kwanan nan cikin RAM, sai ya riƙa ba ka hoto mai kyau ba tare da ya taɓa diski ba, kai kuma ka zaci gyara ya yi.

Yanzu ɓarnar, wato ka zuba shirme a kan wani yanki na d1: dd if=/dev/urandom of=/root/d1 bs=1M seek=200 count=50 conv=notrunc. Ka kula da notrunc ɗin nan, in babu shi dd zai datse fayil ɗin. Kuma ka karanta abin da ke gaban of= sau biyu kafin ka danna, don dd ba ya tambaya. Bayan nan zpool import -d /root gwaji don dawo da ma'ajiyar, zpool scrub gwaji don ya duba kowane guntu ya gyara ɓataccen, zpool status -v don ganin sakamako. Ƙarƙashin CKSUM, inda ake ƙirga guntayen da lambar shaidarsu ba ta dace ba, za ka ga lamba a layin d1, sifiri a layin d2. Sake gwada sha256sum, ya kamata kowane hoto ya dace.

Hajiya Rakiya, Yamai:
Injiniya ya gama magana, sai dai ƙari. Ƙanena, ka sake gwajin ka ɓata d1 da d2 a wuri ɗaya. A nan ZFS ba zai iya gyarawa ba, amma zai jera maka sunayen fayilolin da suka lalace, kuma in ka buɗe su zai ƙi, maimakon ya ba ka rabin hoto. A wajena wannan ya fi muhimmanci, domin ka san abin da za ka nemo daga wata ajiya tun mai shi bai zo ba. Ka kuma gwada shafe farkon d1. ZFS yana ajiye tambarinsa, wato bayanin da yake gane diskin da shi, kwafi huɗu a kowane diski, biyu a farko, biyu a ƙarshe, don haka ya kamata ya gane shi.

Sannan maganar hoton marigayin. Don Allah kada ka sa mdadm ya yi repair a tsohon injin, domin kwafin diski ɗaya kawai zai ɗora kan ɗayan, mai kyau ne ko ɓatacce. Ka tayar da kowane diski shi kaɗai, a yanayin karatu kawai, ka buɗe hoton. In ɓarnar a diski ɗaya ta faru, mai kyau na nan a ɗayan. In tun daga katin kamara ko RAM ya lalace, to duka biyun iri ɗaya za ka samu.

Isufu, Ƙonni:
Ni Btrfs, wani tsarin ajiya irin ZFS, nake amfani da shi a raid1, shi ma yana da lambar shaida da scrub, kuma yana cikin Linux tun 2009. Yana karɓar diski masu girma daban-daban, ga mai ƙaramin ƙarfi wannan sauƙi ne. Amma a guji sauran hanyoyinsa na haɗa diski, raid5 da raid6, masu shi da kansu sun yi gargaɗi. Fayil ɗin da aka sa wa nodatacow, wato a riƙa rubutu a kan tsohon bayaninsa, kuma ba shi da lambar shaida.

Injiniya Mamman:
Gaskiya ne Isufu, amma tunda ya riga ya kafa ZFS, a bar shi ya ƙware a kai.

Abdu Mai Gyara, Tawa:
Malam Sani, na san shagonka, na san zafin Afrilu da ƙurar hunturu da ke shiga wurin. Ka riƙa duba lafiyar diski da smartctl -a, musamman lamba 5 da 197 da 198 masu ƙirga wuraren da suka lalace, da zafin diskin. Ka sa ondila, na'urar batir mai riƙe wuta, ka gwada ɗauke kuran ana cikin kwafi tun injin bai ɗauki kayan mutane ba. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon bayani, don haka abin da za ka rasa na daƙiƙun ƙarshe ne, matuƙar diskin cikin inji suke, ba cikin akwatin USB mai araha ba. Tagwaye kuma ba sa hana ɓarawo, ko tsawa, ko yaron shago ya share babban fayil. Diski na uku ya riƙa kwana a gida.

Sani Mai Hoto:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na bi maganarki, hoton yana nan cikakke a diski na biyu, na kira matar. Gwajin Injiniya ma na yi: lambobi sun fito a layin d1, scrub ya ce ya gyara, sha256sum duk sun dace. Da na ɓata biyun, ya jera mini sunayen hotunan da abin ya shafa. Sai dai bayan gyaran lambobin CKSUM ba su koma sifiri ba. Akwai sauran matsala ne?

Injiniya Mamman:
Babu. Yana barinsu ne don ka gani, zpool clear gwaji zai share su. A diskin gaske kuwa kada ka share sai ka rubuta lambar da ranar, ka duba waya da smartctl. In ta dawo a diski ɗaya bayan ka canja waya, ka fara neman kuɗin sabo. Ubuntu yana yin scrub da kansa ranar Lahadi ta biyu a kowane wata, amma sai injin yana kunne, kai kuma na ji kana rufe shago ranar Lahadi. Ka mayar da shi ranar aiki cikin /etc/cron.d/zfsutils-linux, ka kuma sa adireshin imel ɗinka cikin fayil ɗin zed.rc don saƙo ya zo maka in an samu kuskure.